Ba raini ba ne, kan ne ke jan ƙafa: yadda ake zama da mantuwar ciwon MS a cikin gida

Surukata ta aiko jikanta da hantsi wai in yi mata ɗan fate-fate ba yaji don olsarta ta motsa, na ce to, wlh har cewa na yi "ka gaida Inna ka ce yanzun nan", yaro ya fita na koma kan wankina. Sai bayan la'asar na ga tsohuwa ta taso da kanta tana dogara sanda, ta tsaya bakin ƙofata ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi ni yi maki?" Ni kuma na tsaya ina kallonta kamar wadda aka tasa daga barci, don ko zuwan yaron ban tuna ba, sai da aka kira shi ya maimaita abin da na faɗa da bakina sannan wani abu ya ɗan motsa a kaina can nesa. Ranar da kokon safe kaɗai ta wuni. Kafin magariba labari ya kai gidan yayar maigidana a Tudun Wada cewa matar ƙanenta ta fara raina uwar miji tunda ta ga tana ɗaukar albashi.

Ni malamar firamare ce a nan Gusau, kuma tun kafin korona likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar min ina da ciwon da ake kira multiple sclerosis, MS a taƙaice. Lokacin da ƙafata ta mutu da lokacin da idona na dama ya dushe kowa ya tausaya, har da masu kawo lemo, don ana gani. Mantuwa kuwa ba a ganinta, abin da ake gani kawai ke ce da jikinki lau kin saɓa alkawari. Toh abin da na koya a shekarun nan shi zan zazzage. Da "ke" zan yi magana don mata ciwon ya fi kamawa, ninki biyu zuwa uku a kan maza, amma Malam in kai ne mai shi ko matarka ce, gyara zama kai ma.

Sai kin gane abin da kanki kafin ki iya yi wa wani bayani, shi ya sa zan fara ta nan. Ɗauki igiyar cajar wayarki ki duba, akwai waya a ciki akwai roba a waje. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka haka suke, suna da riga da ake kira mayelin, ita ke sa saƙo ya wuce fit cikin sauri. A ciwon nan garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take ruɗewa ta koma cin wannan rigar, inda ta ci sai ya bar tabo, sunan ciwon ma ma'anarsa ke nan, tabo da yawa. Saƙo in ya zo wurin tabon sai ya yi ta jan ƙafa, wani ya isa a makare wani ya ɓace a hanya. Wani likita Bafaranshe, Charcot, shi ya fayyace ciwon tun 1868, kuma a ƙididdigar 2020 mutum wajen miliyan 2.8 ke da shi a duniya. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai, nan wajenmu bai da yawa, ga hoton MRI da ake gano shi da shi ba kowane gari ake samu ba, shi ya sa in kin faɗi sunan sai a ce "wane?" Yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 yake bayyana, lokacin da mace ke tsakiyar haihuwa da hidimar gida.

Dan Allah kada wata ta karanta wannan ta ce ai ni ma ina mantuwa to MS ne. Ƙarancin jini na sa mantuwa, rashin barci na sa, damuwa na sa, jego ma na sa. Likita ne ke faɗa bayan gwaji.

Kusan rabin masu MS suna samun matsalar kai irin wannan, kuma abin da ya fi taɓuwa shi ne sauri. Abin da kika daɗe da sani yana nan daram, karatun da na haddace tun ina ƙarama bai je ko'ina ba, hanyar gidanmu, sunayen 'ya'yana, yadda ake tuƙa tuwon dawa, duk suna nan. Sabon abu ne ke wahalar shiga. In aka yi min magana da sauri, ko mutum biyu suna magana rediyo na yi yaro na kuka, to bakina zai ce "to" amma maganar ba ta sauka ba kwata-kwata. Ranar da likita ya ba ni wata takarda mai alamomi, kowace alama da lambarta, ya ce in yi ta haɗawa cikin sakan 90, na ga abin da idona: duk na san amsa, hannuna da kaina ne suka ƙi tafiya tare. Ya ce min yawancin abin da nake kira mantuwa ba fita ya yi ba, tun farko ne bai shiga ba. Wannan maganar ita ta canja min komai, don in dai a ƙofar shiga matsalar take to ana iya gyara yadda ake shigar da abin.

Abu na farko da za ki yi, ki ɗauki mako biyu kina rubuta duk mantuwar da kika kama kanki da ita, ƙarfe nawa, me ke faruwa a wurin, kin yi barci jiya ko ba ki yi ba. Abin da ciwo, ba zan ɓoye miki ba, ni sai da na yi kuka ranar da shafi ya cika. Amma da na zauna na duba sai na ga kusan duk ɓarnar tsakanin azahar da la'asar take, sai kuma duk ranar da gida ya cika da baƙi. Daga asuba zuwa hantsi kaina garau. Tun daga nan lissafin kuɗi, makin jarrabawar yara, kiran waya mai muhimmanci, duk na mayar da su safe.

Sai littafi. Guda ɗaya tak, irin na 'yan makaranta, ki ɗaure masa biro da zare. Na yi kuskuren buɗe uku, na kasuwa daban na makaranta daban na asibiti daban, sai na koma neman wanne na rubuta a ciki, kin ga an gudu ba a tsira ba. In boko bai zauna miki ba ki yi da ajami, in shi ma babu ki yi saƙon murya, WhatsApp yanzu yana bari ki tura wa lambarki da kanki saƙo, ni nan nake zuba komai har hoton inda na ajiye takardar haihuwar yara. Amma fa kada ki sakar wa waya ragama gaba ɗaya. Mu 'yan Zamfara mun ga darasi a watan Satumba na 2021 da aka rufe layukan waya saboda matsalar tsaro, lokacin ƙanwata ce ke kirana kullum da dare tana tuna min abubuwan gobe, rana ɗaya aka wayi gari ba sabis, na koma kamar makahon da aka ƙwace wa sanda. Ko ba a rufe layi ba, wuta na iya kwana uku ba ta zo ba waya ta mutu. Takarda ba ta neman caji.

Alam ɗin waya ki sa masa suna, kada ki bar shi yana ƙara kawai ki tsaya kina tunanin na mene ne wannan kuma. "Maganin dare." "Ɗauko auta daga Islamiyya." Abin da ya fi alam ma a wurina shi ne rataya abu a jikin salla, tunda kiran salla ba ya fashi: maganin safe yana kan dardumata, ba zan shimfiɗa ta ba sai na ɗauke shi. Ki sayi ɗan kwalin magani mai gida bakwai a kemis, ki cika shi ranar Juma'a, don haɗarin da ya fi mantawa da magani shi ne ki sha ki manta kin sha ki ƙara. In kika duba gidan yau ba komai, kin sha, magana ta ƙare.

Girki shi ya fi ba ni tsoro, tukunya biyu na ƙona har suka huje, sau ɗaya kuma maƙwabciya ce ta jiyo ƙauri ta tsallako. Yanzu in na ɗora abu zan fita daga kicin, da ludayin nake fita a hannuna. Ko ƙofa aka buga, ko waya ce, ludayi na hannu. Mutum ya ga kina gaisawa da shi da ludayi ya yi dariya, ba komai, ke dai duk sanda kika kalli hannunki kin san akwai abu a wuta. Mai gas ta maida kashe shi daga jikin tukunyar gas ɗin al'ada, ta kuma faɗa da baki da ƙarfi, "na kashe gas", don abin da kunne ya ji daga bakinki ya fi zama. Makulli, tabarau, katin banki, ina da wata tsohuwar tasa a kan durowa kusa da ƙofa, nan gidansu yake, yaran ma sun san duk wanda ya tsinci ɗaya can zai kai.

Kuɗi kuwa shi ke raba zumunci, ki kiyaye. Zubin adashi, bashin da kika ba, bashin da kika ci, ki rubuta kafin kuɗin su shiga jaka, a gaban mai su, ki karanta mata ta ji. In da hali ki fi son tiransifa don alat shaida ne. Na taɓa zuba adashi sau biyu a wata ɗaya, Allah ya sa uwar adashin mai amana ce ta maido min. Lambar sirrin kati kada ki rubuta a jikin katin ko a ledar da yake ciki, mutum ɗaya da kika yarda da shi ya san ta ya isa.

Sai wata dabara da ba ta cin ko sisi: duk wanda ya ba ki saƙo ki maimaita masa. "Wato kin ce Asabar bayan la'asar, gidan Hajiya, in zo da kuloli biyu ko?" Maimaitawar tana rage wa maganar gudu, kuma in kin ji ba daidai ba nan take za a gyara. In kalma ta maƙale a harshe, kin san abin kina ganinsa amma sunan ya ƙi zuwa, kada ki tsaya kokawa da ita, ki kewaye, "miƙo min abin tankaɗen nan", rariya za ta zo da kanta an jima. Wajen biki kuma Allah ya taimake mu da doguwar gaisuwa, ina wuni, ya gida, ya yara, ya maigidan, ya ƙarin haƙuri, kafin ki gama ko dai sunan ya dawo ko "Hajiya" da "Anti" sun fitar da ke.

Zafi. Wannan ba a cika faɗa mana ba alhali mu ya fi shafa. Jijiyar da rigarta ta ci, in jiki ya ɗau zafi ko kaɗan ne sai saƙo ya ƙara jan ƙafa, tun 1890 wani likitan ido Bajamushe, Uhthoff, ya lura marasa lafiyarsa ganinsu na dushewa in sun motsa jiki sun yi zafi. To ki auna mu da muke Gusau a Maris da Afrilu da Mayu, ma'auni ya haura 40 ga ba wuta. A watannin nan ni rabin mutum ce, da hunturu kuwa har mantawa nake ina da ciwo. Abin kwantar da hankali shi ne wannan lalacewar ta zafi ba sabuwar ɓarna ba ce, jiki na hucewa take sauka. Ki jiƙa ɗan tawul ki ɗora a wuya, ki watsa ruwa bayan azahar ko da kin yi wanka da safe, ruwan randa kada ya yanke kusa da ke, babban girki ki yi shi da sassafe, kada ki tsaya kan murhu da rana tsaka don a ce miki jaruma. In azumi ya faɗo cikin zafi ki tambayi likitanki ki tambayi malami, mara lafiya an yi masa rangwame kowa ya sani, ke dai kada ki yanke wa kanki hukunci ke kaɗai.

Zazzaɓi ma zafi ne. In kika ga kwana biyu kanki ya rikice fiye da yadda kika saba, kafin ki firgita a duba maleriya a duba fitsari, don cutar mafitsara tana yawan kama masu MS kuma tana tayar da tsofaffin alamomi. Amma in sabon abu ne ya zo, ido ya dushe, gefe ya mutu, ya wuce awa 24 kuma ba zazzaɓi, wannan asibiti kai tsaye. In za ki je ki kwashi duk magungunan da kike sha a leda ki zube wa likita, har Piriton ɗin mura da maganin barci, don wasu da ake ba mu da kansu suna ƙara nauyin kai, irin oxybutynin na riƙe fitsari, amitriptyline, baclofen, gabapentin. Kada ki daina da kanki, shi zai rage ko ya canja. Kuma har yau ba wata ƙwaya da aka tabbatar tana dawo da ƙwaƙwalwar mai MS, duk mai lasifika a kasuwa da ya ce yana da ita kuɗinki yake so. Magungunan da ke akwai na rage tashin ciwon ne, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga ciki a jerin muhimman magunguna, har da rituximab, ki tambayi likitanki wanne ake iya samu. Barci mai kyau da ɗan tattaki bayan asuba kafin rana ta fito sun yi min amfanin da ban zata ba.

Yanzu mu zo kan mutanen gida, inda ƙura take.

Kuskuren da na fara yi shi ne tara su. Ranar wata Sallah kowa ya zo, na ce ina da magana, na fara bayanin garkuwar jiki da mayelin kamar ina aji. Kafin in kai tsakiya wani ƙanen maigida ya ce ai kowa na mantuwa shi ma jiya ya bar hularsa a masallaci, aka yi dariya, wata gwaggo ta ce wannan iska ce a nemo mai ruƙiyya, ni kuma hayaniyar ta kwashe min zaren maganar na tsaya baki buɗe a gabansu, wanda ke tunanin kaina ya taɓu ya samu hujja. Kada ki yi haka. Ɗaya-ɗaya ake bi, da safe, a ɗaki shiru, kuma ki fara da wanda in ya yi magana a gidan ake ji.

Maigida, ki ja shi asibiti. Abin da za ki shekara kina faɗa bai shiga ba, likita zai faɗa cikin minti biyar ya zauna, haka mazanmu suke sai haƙuri. Da muka je Sakkwato ganin likita na roƙe shi ya ɗaga hoton MRI ya nuna wa Abban yara fararen ɗige-ɗigen da ke nuna tabon nan, ya ƙirga su da bakin biro. A mota muna dawowa har muka wuce Talata Mafara bai ce uffan ba, can sai ya ce, "Ashe duk faɗan da nake yi miki kan kuɗin cefane…" bai ƙarasa ba. Gani ya kori ji. Amma tausayi kaɗai ba ya hana tukunya ƙonewa, sai kin faɗa masa takamaiman abin da zai yi. Nawa uku ne: in magana mai muhimmanci ce ya kashe rediyo ya kira sunana in kalle shi, abu ɗaya a lokaci ɗaya, sannan in ya fita ya turo min shi a waya. Kada ki ce "ka riƙa fahimtata", ba wanda ya san yadda ake aikata wannan.

Inna kuwa ba ruwanta da hoton asibiti. Tsohuwar mai ƙuli-ƙuli ce, ta shekara talatin tana matsar man gyaɗa, don haka ta nan na bi. Na je da safe na durƙusa na gaishe ta, na ba ta haƙurin fate-faten nan tukuna, don ko ba da gangan ba ne ita dai ta wuni da yunwa. Sannan na ce, "Inna, in za ki ɗura mai a kwalba mai ƙaramin baki, kika kifa masa kwano gaba ɗaya, nawa ke shiga?" Ta ce, "Ɓarna kawai, sai da mazurari a hankali." Na ce to ciwon nan bakin kwalbata ya tsuke, abin da ke ciki yana nan bai zube ba, sabon ne sai an ɗura sannu. Ta yi shiru tana kallona, ta ce, "Shi an nan abin da likita yac ce?" Na ce shi ne. Ta ce Allah shi sawwaƙe. Ba ta ce ta yarda ba, tsofaffi ba sa cewa, amma daga ranar ba ta sake kiran kalmar raini ba.

Zancen iska da sammu zai taso, ki sa a ranki. Shawarata kada ki yi musu da tsoho a kan wannan, ba za ki ci ba kuma za ki zama mara kunya. In an kawo tofi ko an ce a yi addu'a ki karɓa ki gode, addu'a ai ba mai ƙin ta. Inda za ki kafe guda biyu ne: ba mai dakatar miki da maganin asibiti, kuma ba za ki sha wani jiƙo da ba a san me ke ciki ba a kan magungunanki. In maigida ya riga ya gane, shi za ki tura gaba ya faɗi wannan, daga bakin ɗansu ya fi sauƙin haɗiyewa. Sai kuma ki yi hattara da wanda zai fara nuna yatsa, "wance ce ta yi mata", musamman gidan da ke da abokiyar zama. Ki kashe maganar tun tana ƙarama, ciwon yana da suna yana da hoto, yana kama matan da ba su taɓa jin kalmar kishiya ba.

Yara su suka fi sauƙi su kuma suka fi taɓa zuciya. Babbar 'yata tana aji shida lokacin, wata rana muna tsince shinkafa ta ce, "Umma, wata rana za ki manta da mu?" Ashe ta ga wata tsohuwa a unguwa da ruɗewar tsufa ta kama har ba ta gane 'ya'yanta, ta daɗe tana ɗauke da abin a ranta. Na ce mata nawa ba irin wancan ba ne, ni abin da aka faɗa min ɗazu ne ke sulluɓewa, ku kuwa kun daɗe da shiga. Gaskiya na faɗa mata, yawancin masu MS matsalar kansu ba ta kai can. Ki gaya musu ba a ɗauka ta kwano ko tabarma, ba kuma laifinsu ba ne don sun yi ƙiriniya. In manya suka tambayi gado, haɗarin ga 'ya'ya ya ɗan fi na sauran mutane amma kaɗan ne, mafi yawansu ba sa samu. Sannan ki ba kowa aikinsa, yara na son a ce su ne masu riƙe da abu: ɗaya shi ne mai duba tasar makulli da dare, ɗaya mai tambaya "Umma an kashe gas?" Sai dai fa na gano autana ya fara cin riba, "ai kin ce za ki ba ni ɗari jiya kin manta", shi ya sa alkawarin yara ma littafi yake shiga.

Akwai kalmomin da za ki roƙi kowa ya daina. "Ai na faɗa miki" ita ce ta ɗaya, na san ka faɗa, sake faɗa kawai. Sai jarrabawa, "to faɗa min, me na ce miki jiya?", wannan wulaƙanci ne ko da da wasa aka yi. Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ban zata ba: bayan sun gane sai suka so su ƙwace komai, ba a ba ni ajiya, ba a shawara da ni, ana magana a kaina ina zaune kamar kujera. Sai da na ce wa Abban yara hankalina na nan, sauri ne babu, a ba ni lokaci in ba da amsa. Mu ma kuma mu ji tsoron Allah, ba duk abin da muka ƙi yi za mu jingina wa ciwo ba, ranar da aka kama ki sau ɗaya kin fake da shi, duk ginin da kika yi ya rushe.

A makaranta hedimasta kaɗai na gaya wa, na roƙi a mayar min da darasin lissafi safe a kuma riƙa ba ni sanarwa a rubuce. Ba dole duk ofis su sani ba.

Salla ita ce na fi jin kunyar tambaya a kai, raka'a uku na yi ko huɗu, kullum. Na daɗe ina sakewa har in gaji in zauna ina hawaye. Da na daure na tambayi malaminmu na Islamiyya sai ya ce ai malamai sun daɗe da ware hukuncin wanda kokwanto ya zame masa jiki, mustankihi ake ce masa, ba a ɗora masa abin da ake ɗora wa mai kokwanton jefi-jefi, ya koya min yadda zan yi da ba'adi. Ki je ki tambaya ke ma, ki faɗa masa ciwo ne. In 'yarki ta girma ku riƙa yi tare.

Yayar maigidana har gobe ba ta gamsu ba, takan ce wai mai mantuwa ba ta manta ranar albashi. Na daina ɓata bakina, abin da na yi kawai duk saƙonta na ce ta turo ta WhatsApp, in ta ce ta faɗa sai mu duba tare. Inna ce ma ta zo da dabarar da ta fi duk nawa, ita da ba ta taɓa riƙe biro ba. Yanzu in tana son abu ba ta aiko yaro da baki kawai, kwanonta take ba shi, wani koren kwanon sha mai murfi, ta ce ya ajiye shi a tsakiyar ƙofar kicin ɗina inda sai na tsallake shi. In fate-fate ne ta jefa ɗan ganyen yakuwa a ciki, in kunu ne ɗan tsamiya. Na kwaikwaye ta har a waje: mai ɗinki in ta gama ta aiko min da ƙyallen atamfar, takalmin makarantar auta in ya tsinke a kan jakata yake kwana.